Wanda Ya Rage Wa Tsawa Ƙara

Kiɗa na tashi lokacin da Manaja ta tura ƙofar situdiyo. Gaɓa ɗaya ce take zagayawa tana dawowa, irin yadda Tsawa kan bar ta ta yi ta juyi har sai ya samo abin da yake nema a cikinta. Manaja ta shigo da kwali a hannu, bakinta cike da tsiyar da za ta yi masa a kan warin sigari. Kujerarsa ta fara gani a kife. Shi kuma yana ƙasa rub da ciki, tsakanin teburin haɗa sauti da bango, jini ya bi ƙeyarsa ya jiƙa kafet har ya fara bushewa. Ƙarfen da ake kafa makirufo a kai yana yashe kusa da ƙafarsa.

Ta kira sunansa. Ta ji muryarta ta fita sarai, siririya, kamar ta wata. Ta sake kira, duk da ta riga ta sani. Sannan ta ajiye kwalin a hankali, ta hau sama ta roƙi telan da ke maƙwabtaka da su ya kira 'yan sanda.

Kamfanin nasu, in har za a yi masa kara a kira shi kamfani, ɗaki ne a ƙasan wani tsohon gini da 'yar kusurwa ta jibge faifai. Kiɗan rawa suke fitarwa, na na'ura zalla, irin wanda rediyo ba ta san da shi ba, sai dai a ji shi a tsofaffin sito inda masu sonsa ke taruwa su yi gumi su watse. Manaja ke riƙe da komai: buga faifai, aika wa masu saye, rarrashin masu fushi. Tsawa ke haɗa kiɗa, kuma don sunansa ake sayen faifan. Mijinta, Injiniya, shi ke yi wa kowane kiɗa gyaran ƙarshe kafin ya fita. Sai ƙanenta Auta, wanda ita da mijin suka raina tun rasuwar iyayensu, ya girma ya koyi haɗa kiɗa a hannun Tsawa, ya kwaso har da munanan halayensa.

Ba banza ake ce wa marigayin Tsawa ba. Shekarun tsayuwa a gaban lasifika sun cinye masa rabin ji, shi kuwa maimakon ya ji tsoro sai ya mai da abin ado. A teburin haɗa sauti akwai makunnin ƙara da ake turawa sama ko a jawo ƙasa, da jerin 'yan fitilu a gefensa, kore in sauti yana daidai, ja in ya wuce kima ya fara fashewa. A wurin Tsawa kiɗa bai fara ba sai fitila ta yi ja. Injiniya ya yi faɗa, ya yi nasiha, har farin salatif ya manna a gefen makunnin don ya nuna inda ya kamata a tsaya. Tsawa ya ce ya gode ƙwarai, yanzu ya san inda zai riƙa farawa. Daga baya Injiniya ya kwashe kayansa ya koma gida da aiki, ya ce kansa ba zai iya ba.

Sufeton da ya zo dogo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa ɗakin kallo, ya sa aka ɗauki hotuna, ya ce a tsayar da kiɗan daga kwamfuta amma kada a taɓa komai a kan teburin. Sannan ya jawo wa Manaja kujera a cikin faifai.

"Daga ina kike?"

"Daga wajen masu ɗaukar kaya, Yallaɓai. Tun safe nake can ina aika faifai."

"Ƙofa nawa ce a wurin nan?"

"Biyu. Ta gaba, sai an wuce ta gaban shagon tela. Ta baya kuma lungu take fita, kullum a kulle."

"Wa ke da makullinta?"

"Ni, da maigidana, da mai ginin, da Kanari."

"Wace ce Kanari?"

"Mawaƙiya ce, takan sa murya a wasu kiɗan. Marigayin ne ya ba ta makulli."

"Maigidanki yana ina yau?"

"A gida na bar shi yana aiki. Rabonsa da ɗakin nan an daɗe."

"Ƙanenki fa?"

Ita dai ba ta ambaci Auta ba. Sufeto ya riga ya yi magana da tela. Tela ya ce da hantsi Auta ya shigo a fusace, aka yi ta cacar baki, ya fito yana huci, ya tsaya a gaban shagon yana cewa sai ya ga bayan Tsawa. Manaja ta san dalilin. Akwai kiɗan da Auta ya haɗa shi kaɗai tun daga tushe, aka kawo samfurin bangon faifai sai ga sunan Tsawa kawai a jiki. Ita da kanta ta ce masa ya yi haƙuri za ta gyara. Kafin la'asar 'yan sanda sun ɗauko Auta daga ɗakin da yake haya.

Washegari aka bar ta ta gan shi. Ƙaton mutum ne mai gemu, amma da ya hango ta sai fuskarsa ta koma ta yaron da take yi wa wanka.

"Yaya, wallahi da ransa na bar shi. Dariya ma yake yi mini."

"Me ya kai bakinka cewa sai ka ga bayansa?"

"Barin kamfanin nake nufi. In kafa nawa in nuna masa."

"Ka koma?"

"In koma ta ina? Tela na zaune a gaba, ta baya kuma ba ni da makulli."

Ta yarda da shi nan take. Ta san ƙaryar Auta tun yana satar sukari, kunnensa ke fara motsi kafin bakinsa. Amma ba a kai wa alƙali motsin kunne. Sufeto ya gaya mata gaskiya ba rufa-rufa: likita ya ce mutuwar ta faru tsakanin hantsi da rana tsaka, ƙarfen makirufo yana ɗauke da zanen yatsun kowa har da nata, kuma Auta ne mutum na ƙarshe da aka ga ya shiga. Mai ginin yana kwance a asibiti tun makon jiya da makullinsa a aljihu. Kanari kuwa ta wuni a shagon gyaran gashin da take aiki, mata da yawa sun shaida.

"Ban rufe kunnena ba," in ji Sufeto. "Amma in ba a kawo mini wani abu ba, kafin mako ya fita zan miƙa shi kotu. Kisan kai kuwa kin san abin da ke bayansa."

Ta sani.

A gida Injiniya ne ya riƙe ta. Mutum ne mai shiru, mai tsari, wanda ko motar haya ya shiga sai ya roƙi direba ya rage rediyo, in kuwa a gida ne ba ya ma roƙo, yana wucewa hannunsa zai kai. Shi ya nemo lauya. Shi ke zuba abinci a kula kullum ya kai wa Auta, ya zauna da shi har a ce lokaci ya cika. Manaja ta dube shi yana ɗaure kular a leda ta gode wa Allah a ranta, ta ce ko uban da ya haifi Auta iyakar abin da zai yi ke nan.

Zama ya gagare ta. Ta je ta sami Kanari a bayan shagon gyaran gashi tana wanke tawul, idanunta sun kumbura.

"Anti, ni ma ai sun tambaye ni. Makullin ma ga shi nan, ban taɓa amfani da shi ba sai da yamma."

"Na sani. Ba zarginki na zo yi ba. Wa ke da haushinsa ban da Auta?"

Kanari ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ki ce wa ba shi da shi. Ni kaina sau nawa na ce na bar shi."

"Kwanan nan nake nufi. Akwai abin da yake shiryawa ban sani ba?"

Kanari ta ci gaba da matse tawul ɗin da ya riga ya matsu. Sai da Manaja ta dafa ta sannan ta yi magana.

"Sabon faifan nan, ba Yaya Injiniya zai yi masa gyaran ƙarshe ba. Ya riga ya yi magana da wani. Cewa ya yi zai gaya miki da kansa."

"Saboda me?"

"Ya ce na baya da aka fitar, saman sautin kamar ana goga ƙarfe. Ya ce kunnen Yaya ya mutu, ɓoyewa yake yi." Ta ɗago da sauri. "Kin dai san bakinsa, Anti. Kurma ne ke ce wa wani kurma."

Manaja ta ce haka ne, bakinsa ne kawai. Amma a hanya ta tuna cewa masu saye biyu sun yi ƙorafi a kan wancan faifan, ita kuwa ta ɗora laifin a kan masu bugawa. Ta kori tunanin, ta ji haushin kanta da ta bari ya zo ma.

Daga nan ta wuce wajen tela. Ta same shi yana feƙe alli, kekensa a tsaye. Shekaru yana rigima da su a kan ƙara, har ya gaji ya sallama.

"Baba, ka gaya wa Sufeto kiɗan bai tsaya ba?"

"Bai tsaya ba, 'yata, har kika zo. Abin da ya tambaye ni ke nan, na kuwa faɗa."

"Bayan Auta ya fita, yaya kiɗan ya kasance?"

"Kamar kullum, har ya fi. Ya tsayar, ya tayar, ya sauya wannan, ya koma wancan. Na ce yau mutumin nan da fushi yake aiki." Ya nuna wani gwangwani a gefen keken, cike da fil da allurai. "Kin ga wannan? In yana aiki rawa yake yi. Sai na dafe shi, in ba haka ba ya bi teburi ya faɗi. Ranar nan har faɗuwa ya yi, na duƙa ina tsintar allura ina zagi, Allah ya yafe mini."

"Auta ya tafi a lokacin?"

"Tuni. Na sha shayi na gama wuyan riga guda bayan tafiyarsa."

"Sai me?"

"Sai ya lafa. Kiɗan dai ina jinsa, abu ɗaya yana ta maimaitawa, amma gwangwani ya zauna lafiya. Na ce ashe yau an shiryu. Ban taɓa ɗinki cikin kwanciyar hankali irin na ranar ba, ashe bawan Allah yana kwance a ƙasa."

Manaja ta yi tsaye da jakarta a hannu. Ta tuna ta kira sunan Tsawa a ɗakin nan ta ji muryarta. Tun da aka kafa situdiyon ba ta taɓa jin muryarta a ciki ba in yana aiki, sai dai ta taɓa kafaɗarsa ko ta kashe masa fitila. Ranar firgici ya hana ta lura. Yanzu ta lura, tunanin da ta kora a hanya kuma ya dawo ya zauna.

Tana iya komawa gida ta yi shiru, ta kuma yi tunanin hakan. Ta tsaya a bakin titi motoci na wucewa har mai sayar da lemo ya tambaye ta ko lafiya. Sannan ta kira Sufeto.

Da hantsin washegari suka buɗe situdiyon. An wanke kafet amma warin bai fita ba. Sufeto ya bar kurtu ɗaya a shagon tela ya ce ya zuba wa gwangwanin ido, shi kuma ya sa safar hannu ya tayar da kiɗan daga kwamfuta. Gaɓar nan ta ci gaba da zagayenta kamar ba abin da ya faru. Fitilun teburin suka tashi kore shar, ba ja ko ɗaya.

"Kalli makunnin, Yallaɓai," in ji Manaja.

Ya duƙa. Makunnin yana tsaye daidai da bakin farin salatif, bai haura ba, bai gaza ba. Ya ciro hoton da aka ɗauka ranar farko ya gwada, haka yake. Ya aika a tambayi kurtu, aka ce gwangwani bai motsa ba. Sai ya sa bayan biro ya tura makunnin sama har fitilu suka yi ja. Bango ya ɗauki rawa, Manaja ta ji abin a haƙoranta. Kafin ya mayar, kurtu ya sauko da gudu yana cewa allurai sun zube.

Sufeto ya kashe kiɗan. "Ina jinki."

"Bayan Auta ya fita, Tsawa yana da rai," ta ce. "Matacce ba ya tsayar da kiɗa ya sauya. Tela kuma bai ga kowa ya sake shiga ta gaba ba, saboda haka ta baya aka shigo, da makulli. Wanda ya yi abin bai kashe kiɗan ba, don ya san shiru da rana a ɗakin nan zai sa tela ya leƙo. Amma ya rage ƙara."

"Kowa na iya rage ƙara. Ni ma da zan rage."

"Kai za ka ja shi ƙasa ne kawai, inda ya tsaya ya tsaya. Baƙo bai ma san wane makunni ba ne a cikin wannan tarin. Tsawa bai taɓa tsayawa a salatif ɗin nan ba tun da aka manna shi, Auta kuma a hannunsa ya koya, shi ma sai ya ga ja. Kanari ba ta taɓa teburin nan. Ni ma haka."

"Saura wa?"

Sufeto bai matsa mata ba, ya tsaya yana cire safar hannunsa yatsa bayan yatsa.

"Wanda ya manna salatif ɗin," ta ce.

"Ke kika ce mini yana gida."

"A gida na bar shi. Ban ce na wuni ina kallonsa ba." Ta share fuskarta da bakin gyale. "Ka duba kan makunnin. Ya ce rabonsa da nan an daɗe, Tsawa kuwa kullum hannunsa na kai. In ka sami yatsan maigidana a saman na Tsawa, ka ga ke nan."

"Za a duba. Me zai sa ya yi?"

"Bari in tambaye shi da kaina, Yallaɓai. Alfarma nake roƙo. Ka jira a mota."

Ya ce zai jira, amma zai sa mutum a bayan gidan.

Ɗakin aikin Injiniya yana ƙarshen baranda, an lulluɓe bangonsa da soso. Ta same shi ya ba ƙofa baya, kiɗa na fita a hankali, ya sunkuya kusa da na'ura ya ƙura wa fitilu ido. Ta daɗe tana ganinsa a haka, tana cewa ƙwazo ne. Ta tsaya a bayansa ta wajen hagu, ta yi magana da muryar da take kiransa cin abinci.

"Kai ka kashe Tsawa."

Bai motsa ba. Ta maimaita, ta ɗan ɗaga murya. Yatsansa ya ci gaba da murɗa wani ɗan makunni, idonsa a kan fitilu. Nan ta tuna duk lokutan da ta kira shi ya yi banza da ita ta ce miskilanci ne, da yadda ya koma zama a gefenta na hagu wajen cin abinci, da yadda yake kallon bakinta in tana magana har ta ɗauka so ne ya ƙaru. Tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin tausayin.

Ta zagayo ta tsaya a gabansa. Ya ɗan firgita, ya tsayar da kiɗan, ya yi murmushi.

"Kin dawo? Yanzu nake shirin kai wa Auta abinci."

"Tun yaushe kunnenka ya tafi?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai je. Ya dubi taga, ya hango motar da ke bakin ƙofa, ya dawo da idonsa kan bakinta.

"Na hagu ya tafi gaba ɗaya," ya ce. "Na dama yana bin sa. Akwai wani ƙugi a ciki ba dare ba rana, kamar an kunna tsohon firji a kaina. Da ido nake aiki yanzu."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In ce miki me? Kunnen nan kika aura. Shi muke ci, shi muke sha. In babu shi ni wane ne a gidan nan?"

"Ranar ka je wurin Tsawa."

"Roƙonsa na je yi. Ya kira ni ya ce ya ba wani aikin, zai kuma gaya miki dalili. Na ce bari in je in ce ya ba ni lokaci, in gaya miki da bakina. Na bi ta baya don kada tela ya tsare ni da surutu." Ya haɗa hannayensa a tsakanin gwiwoyi. "Na same shi ransa a ɓace, ɗakin kamar zai tsage. Na yi masa alama ya rage, ya ƙi. Na yi ta ɗaga murya ina roƙo. Shekara nawa na zauna a gefen mutumin nan ina gyara masa ɓarna, a gefensa na bar kunnena. Sai ya dube ni yana dariya, ya tura makunnin har ƙarshe, ya ce, wannan fa, ka ji shi? A bakinsa na karanta. Na ji kamar an soka mini ƙusa a kunnen da ya rage. Ƙarfen yana kusa da hannuna."

A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta.

"Ban taɓa komai ba," ya ce, kamar yana gardama da kansa. "Na bar kiɗan yadda yake, na kulle ƙofa. Yaya aka yi kika sani?"

"Ka rage masa ƙara. Daidai kan salatif."

Ya dubi hannunsa na dama. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ban san na yi ba."

"Na sani. Da ka sani da ba ka yi ba."

Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta wajen kunnen da ke ji, don kada ya rasa ko kalma ɗaya.

"Auta fa?"

"Ba su da hujja a kansa. Na ce za su gaji su sake shi. Lauya ma ya ce..."

"In ba su sake shi ba fa? In alƙali ya yanke masa? Da ka tashi ka ce kai ne?"

Ya sauke idonsa daga bakinta ya mayar ƙasa. Ta jira. Ta so ya yi mata ko ƙarya ce, ya ce da zai tashi, ta riƙe wannan ta rayu da shi. Ko ƙaryar bai yi mata ba. Ta miƙe ta buɗe taga ta ɗaga wa Sufeto hannu.

Bai yi gardama ba. Ya kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe su da mayafinsu, ya bi Sufeto. A ofis ya maimaita komai da bakinsa, zanen yatsan da aka ɗauka a kan makunni kuma ya zo ya tabbatar. Sufeto ya ce wa Manaja ta je ta huta, takardun sakin Auta sai gobe. Ba ta huta ba.

Washegari da rana aka fito da Auta. Ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe, yana riƙe da kular abinci da ba komai a ciki. Ya rungume ta a gaban kowa yana dariya yana hawaye, sannan ya leƙa bayanta, ya leƙa titi.

"Ina Yaya Injiniya? Jiya ban gan shi ba. Sun ce an kama wanda ya yi, amma sun ƙi gaya mini ko wane ne."

Ta yi ta shirya yadda za ta faɗa masa, a gida, bayan ya yi wanka ya ci abinci. Amma ta ga in ta bari ya taka ko ƙafa ɗaya da wannan farin cikin, ita ma ta shiga sahun masu ɓoye masa.

"Shi ne, Auta. Shi ya kashe Tsawa."

Auta ya dube ta, ya dubi ƙofar da ya fito ta cikinta. Bai yi ihu ba, bai ce ƙarya ne ba.

"Kullum yana zuwa," ya ce a hankali. "Yana zama har in gama ci. Shekaranjiya da na yi kuka ya riƙe kaina, ya ce in kwantar da hankalina, shi ya san ban yi ba."

Ta karɓi kular daga hannunsa kafin ta faɗi. Suka tsaya a bakin titi suna jiran motar haya, ba wanda ya ɗaga hannu ya tsayar da ko ɗaya.